Tambayoyi da amsoshi kan gwajin da ke nuna irin ƙarin ƙwaƙwalwar yaro da yadda ciwon zai kaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Ringim, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ɗan yayata, wanda aka cire wa ƙari a ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara 7. Tun daga lokacin duk wanda aka ce ɗansa na da irin wannan a yankinmu sai a turo shi wajena, wasu su same ni a wajen aiki wasu a ƙofar gida bayan magariba da takardu a leda, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Toh ga su nan yadda ake yi min su, da yadda nake amsawa.

Malam, wai mene ne wannan alamar da likitoci ke cewa sai an duba a jikin ƙarin?

Kun san gwajin jinotaif da ake yi kafin aure, mutum biyu ka gan su lafiya lau amma takarda ta ce wannan AA ne wancan AS, ido ba ya gani sai gwaji. To ƙari ma haka yake, yana da nasa rubutun a cikin ƙwayoyin halittarsa, wani harafi da ya lalace ko wani yanki da ya ɓata ko ya ninku, shi ne ya sa ƙwayoyin suka ƙi daina hayayyafa. Wannan lalacewar ita ake kira alama. Bambancinta da jinotaif shi ne galibi a jikin naman ƙarin kaɗai take, ba a jinin yaron ba, shi ya sa ba a ganin ta sai an samu naman.

Ni dai da gero da maiwa nake misalta wa mutane. Suna ƙanana a gona wanda bai san noma ba zai rantse abu ɗaya ne, amma manomi ya san gero zai riga nuna, maiwa kuwa sai ta kai ƙarshen damina, kuma ba lissafi ɗaya ake musu ba. Haka ƙari biyu za su zo wuri ɗaya a kai, suna ɗaya a takarda, kama ɗaya a madubin ɗakin gwaji, amma ɗaya yana jin magani sosai ɗayan kuma taurin kai gare shi.

Ai an yi hoton MRI, ba shi ke nuna komai ba?

Hoto yana nuna inda ƙarin yake, girmansa, ko ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ko ya bazu zuwa laka. Amfaninsa babba ne, kuma ƙwararren mai duba hoto yakan yi hasashen irinsa. Amma hukunci na ƙarshe naman ne ke ba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta canza tsarinta saboda haka, a 2016 ta fara sa waɗannan alamomin cikin sunan ciwon kansa, a bugu na biyar na 2021 kuma ta ƙara faɗaɗawa har ta ware wasu ƙari na yara daban da na manya.

An rubuta mana medulobilastoma. Wani ya ce ana warkewa wani ya ce ba a yi, wa za mu yarda da shi?

Duk su biyun za su iya zama da gaskiya, saboda sunan ɗaya ne amma ciwon gida huɗu ne. Shi ne irin wanda ɗan yayata ya yi, a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya yake fitowa, wadda ke riƙe da daidaiton tafiya, kuma yana cikin mugayen ƙari da suka fi yawa a yara. A 2012 masana suka fitar da matsaya cewa ya kasu huɗu.

Akwai WNT, shi ne mafi ƙaranci, kusan ɗaya cikin goma, ya fi zuwa wa yara da suka ɗan tasa, ba kasafai yake bazuwa ba, kuma a ƙasashen da ake samun cikakken magani sama da kashi 90 cikin 100 na yaran suna rayuwa. Ana gane shi da lalacewar wata ƙwayar gado mai suna CTNNB1, sannan sau da yawa ƙarin ya rasa ɗaya daga cikin kuromosom mai lamba 6, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke ciki, mutum guda 46 gare shi, bibbiyu bibbiyu.

Sai SHH, wajen kashi 30, ya fi kama jarirai da kuma manya, shi tsaka-tsaki ne amma fa akwai tambaya ta biyu a kansa, wato ko ƙwayar TP53 ta lalace. Ita wannan TP53 kamar mai gadi take a cikin ƙwayar halitta, in tana lafiya akwai sauƙi, in ta lalace ciwon yana da wuyar sha'ani matuƙa.

Na uku da na huɗu ba su da suna sai lamba. Rukuni na 3 shi ne ya fi tsanani, ƙananan yara yake kamawa, maza sun fi yawa, sau da yawa kafin a gano shi ya riga ya bi ruwa ya sauka laka, musamman in ƙwayar MYC ta ninku, kusan rabin yaran ne ke kai shekara biyar bayan gano shi. Rukuni na 4 shi ya fi kowanne yawa, sama da kashi ɗaya cikin uku, sakamakonsa a tsakiya yake, kuma a cikinsa ma wanda ya rasa kuromosom na 11 ya fi jin magani.

Kun ga kenan in wani ya ce muku ai ɗan wane ya yi irinsa ya tashi, ko ya ce ɗan wance ya yi bai yi rai ba, ba lalle irin naku ba ne ko da sunan ya zo ɗaya.

To in an sani me zai canza, ba maganin dai ɗaya ba ne?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Maganin medulobilastoma aiki ne, sannan gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a kai da gadon baya gaba ɗaya, sannan kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Gashin nan shi ke kashe ragowar ciwon amma shi ne kuma ke barin tabo, yaro ya rage saurin fahimta, tsayinsa ya tsaya, wani lokacin sai an riƙa ba shi maganin girma, shi ya sa ma likitoci ke gudun yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ana auna ƙarfin gashin da wani ma'auni da ake rubutawa Gy, mai matsakaicin haɗari akan ba shi 23.4 a kai da baya, mai babban haɗari 36. A Amurka da Turai an gwada rage wa masu WNT zuwa 18 har 15, saboda me za a ƙona ƙwaƙwalwar yaro fiye da kima alhali ciwonsa mai jin magani ne. Amma fa ragewa ce ba dainawa ba, an gwada barin gashin gaba ɗaya ga masu WNT ciwon ya dawo musu aka tsayar da gwajin, don Allah kada wani ya ji an ce mai sauƙi ne ya kwashe ɗansa ya dawo gida bayan aiki.

Mai tsananin kuma sanin ya sa a ƙara masa ƙarfi tun farko kuma a riƙa yi masa hoto akai-akai. Sannan ku kanku kuna buƙatar sani, wanda zai sayar da shanu ko ya jinginar da gona ya kamata a gaya masa gaskiyar abin da yake fuskanta.

Namu an ce giliyoma ce mara tsanani, an kuma ambaci BRAF

Wannan rukunin shi ya fi yawa a yara, kuma alhamdulillahi shi ya fi sauƙi, musamman wanda ake kira failositik astirosaitoma, in aka samu aka cire shi duka galibi shikenan ba gashi ba kimo, sama da kashi 90 suna nan bayan shekara goma. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kansar yara guda shida da ta ba fifiko a shirin da ta ƙaddamar a 2018, mai burin kashi 60 na yara masu kansa su riƙa rayuwa nan da 2030.

Ita BRAF ƙwayar gado ce, lalacewarta iri biyu ce kuma dole a bambance. Akwai wadda ta manne da wata ƙwaya mai suna KIAA1549, an gano ta a 2008, ita ce aka fi samu a na ƙeya kuma alama ce mai kyau. Akwai kuma BRAF V600E, harafi ɗaya ne ya canza, wannan ba ta cika jin kimo na yau da kullum ba kuma ta fi dawowa, amma tana da maganin sha da aka yi dominta, dabrafenib haɗe da trametinib, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba yara daga shekara 1 a watan Maris na 2023. Abin tsoron shi ne in aka ba mai irin ta farko dabrafenib zai iya sa ƙarin ya ƙara girma maimakon ya ragu. Don haka kada wanda ya gani a intanet ya sa ɗan'uwa a waje ya aiko da shi ba tare da takarda ta faɗi wace BRAF ba ce.

An ce namu a gindin ƙwaƙwalwa yake ba ya aikatuwa, mu tafi Indiya ko Masar?

Wannan tambayar ita ce ba na son a yi min, amma ba zan ɓoye ba. Akwai wani ƙari da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, wajen da numfashi da haɗiya da motsin ido ke bi, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 10, za ka ga ido ya karkace, gefen fuska ya saki, yaro na tangaɗi, duk cikin 'yan makonni. Ba dunƙule yake ba balle a ɗauke shi, ya ratsa cikin lafiyayyen nama ne kamar yadda ruwa ke shiga auduga. A 2012 aka gano kusan 8 cikin 10 nasu suna ɗauke da alamar H3 K27M. In hoto ya nuna irinsa ne sak, ko gwaji ya nuna alamar, to mafi yawan yaran ba sa cika shekara bayan gano shi, waɗanda ke kai shekara biyu ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma haka lissafin yake a Jamus da Amurka ba wai don muna Najeriya ba. Gashi yana taimakawa, yaro ya samu watanni ya farfaɗo ya yi wasa ya ci abinci, wannan kuma ana yin sa a nan gida.

Na taɓa zama da wani bawan Allah a kan tabarma a zaurensa, ya riga ya yi ciniki da mai sayen gonarsa ta fadama, ya ce min "ɗana, ka gaya min tsakani da Allah, in na kai shi waje zai tashi?" Na ce Baba rai na hannun Allah, amma abin da za su yi masa can shi ne gashin da za a yi masa a nan, ka fara kai hoton wa wani likitan ƙwaƙwalwa na biyu ya tabbatar irinsa ne, domin akwai wasu ƙari a wajen nan da suke dunƙule marasa tsanani kuma su suna maganuwa. Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kira masa uwar yaron ita ma ta ji da kunnenta.

Sauran fa?

Akwai wani ƙari mai suna efendimoma, na ƙeya ya kasu PFA da PFB, na farkon ƙananan yara yake kamawa kuma ya fi dawowa, musamman in ɓangaren kuromosom da ake kira 1q ya ƙaru, amma a wannan ciwon babu abin da ya kai cire shi duka muhimmanci, ko da sai an sake shiga aiki na biyu. A jarirai akwai ATRT, ana gane shi da rashin wani furotin mai suna INI1, yana kama da medulobilastoma a madubi amma maganinsu ba ɗaya ba. Sai wanda ke fitowa a tsakiyar kai ga yara masu tasowa, wani lokacin da yawan ƙishirwa da fitsari, shi alamarsa a jini da ruwan baya ake gani, AFP da beta hCG, gwaji ne da manyan ɗakunan gwaji a Kano ke yi, in sun hau sosai likita zai iya gane ciwon ko ba a yanki nama ba.

Bayan aiki an miƙo mana wata kwalba da nama a ciki, me za mu yi da ita?

Don girman Allah duk abin da na rubuta a sama in kun manta ku riƙe wannan. Ban da AFP da beta hCG, duk alamomin nan a cikin kwalbar nan suke, in ta ɓata babu inda za a sake samo su.

Ranar da aka yi wa ɗan yayata aiki, bayan la'asar aka fito aka miƙa wa mijinta 'yar roba mai murfi da wani ɗan nama fari-fari da bai kai ƙwallon goro ba yana yawo cikin ruwa mai warin da ke sa hawaye, da takarda, aka ce a kai ɗakin gwaji, ba wanda ya tsaya ya yi masa bayanin amfaninta. Shi kuma a tunaninsa tunda an cire ciwon ai an gama, ga kuɗi sun ƙare, sai ya ƙulle ta a baƙar leda ya tura ƙarƙashin gado da niyyar in an koma gida a binne kamar yadda ake binne mabiyiya. Washegari da na iso ina neman takalmin yaron na ci karo da ita. Na ce Yaya wannan fa, ta ce ai naman ne, babansa ya ce a rufe shi a bayan ɗaki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, niyyarsu girmama jikin ɗan'adam ce, amma da an binne da har yau ba mu san me muka yi wa magani ba.

Ruwan nan sunansa fomalin. Ku tabbata ya shanye naman sosai, kada a zubar a sa ruwa ko sifirit, kada a sa a firiza, kada a ajiye ta mako da makonni ana jiran kuɗi, a kai ranar ko washegari ko da bashi za a ci, saboda daɗewa a ciki yana lalata abin da ake nema. A ɗakin gwaji za su daskarar da naman cikin kakin kyandir ya zama ɗan bulo kamar akwatin ashana, daga shi ake yanko siraran yanka ana dubawa. Bulon nan yana shekaru bai lalace ba, ana aika shi wani gari ko wata ƙasa a ambulan ba sai da ƙanƙara ba, zafi kawai yake tsoro, kada a bar shi a gaban mota da rana a bazara. Ku rubuta lambar da suka ba shi ku adana.

Ana yin gwajin nan a wajenmu?

Mataki-mataki ne. Duba nama a madubi ana yi a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, da na Shika a Zariya. Mataki na biyu shi ne rini na musamman da ake ɗiga wa yankan naman, in alamar na nan ya kama launin ƙasa-ƙasa, kuma da rinin nan kaɗai ana iya gane abubuwa da yawa, wani furotin mai suna beta katenin na nuna WNT, ga INI1, ga H3 K27M, ga BRAF V600E. Ba kowane rini ake samu a kowane lokaci ba, shi ya sa wani sa'in sai an tura bulon wani ɗakin gwajin. Na uku shi ne karanta ƙwayoyin gadon kansu, akwai ma hanyar da masana a Haidelbag ta Jamus suka fitar a 2018 wadda ta canza sunan ciwon kusan kashi 12 na waɗanda aka sake dubawa, wannan galibi waje ake aikawa kuma da tsada.

Ku tambayi likitanku kai tsaye cikin ladabi, ranka ya daɗe akwai rinin da in aka yi zai canza maganin yaron nan? In ya ce eh ku yi ƙoƙari, in ya ce ba abin da zai canza ku bar kuɗin ga gashi da kimo. Kuma kada jiran sakamako ya sa a jinkirta gashi, a medulobilastoma ana so a fara cikin kamar wata guda bayan aiki, ku fara neman layi tun yaro na kwance kuma ku kira ku tabbatar injin na aiki kafin ku hau mota.

Gado ne? Mu auren zumunci muka yi, ana ta cewa laifinmu ne

Mafi yawa ba gado ba ne, ba abincin da uwa ta ci da ciki ba ne, ba faɗuwar da ya yi daga kan jaki ba ce. Kusan ɗaya cikin goma na kansar yara ne ke da tushe a gado. Inda ake zargin hakan shi ne SHH mai lalatacciyar TP53, ATRT a jariri, ko yaro mai tabo-tabo launin shayi da madara da yawa a fata, ko gidan da aka yi ta samun cutar kansa a ƙuruciya. Akwai wani nau'i guda da ba kasafai ake gani ba da auren dangi ke ƙara yiwuwarsa, don haka in yara biyu a ɗaki ɗaya sun yi, ku gaya wa likita dangantakarku. Amma a daina ɗora wa uwa, ita ce ke kwana a ƙasan siminti a gefen gadon.

In alamar ta fito mai kyau an warke kenan, in mara kyau a haƙura?

A'a. Alkaluman da na kawo daga wuraren da yaro ke samun aiki da gashi da kimo a kan lokaci ne, kuma lissafin taro ne ba na mutum ɗaya ba. Ban da alamar ana duba shekarun yaro, ko ya bazu, da nawa ya rage bayan aiki, shi ya sa ake so a sake hoto cikin kwana biyu zuwa uku da aiki, a kuma ɗebi ruwan baya bayan kamar mako biyu. Mai WNT da aka daina kai shi asibiti a tsakiya zai iya rasa ransa, mai rukuni na 3 da aka kammala masa zai iya tashi.

Ta yaya za mu gane da wuri?

Ciwon kai da asuba da amai ba gudawa ba zazzaɓi, yaro ya yi aman ya ji sauƙi gobe ya sake, tafiya kamar zai faɗi, ido ya karkace ko ya ce yana ganin abu biyu, jariri kuma kansa na girma maɗiga ta kumbura. Namu sau uku ana yi masa allurar maleriya a wani kemis, sau ɗaya ta taifot, aka koma cewa iska ce, wata biyu cur suka tafi a haka lokacin kaka kowa na gona. A yi addu'a a yi ruƙiyya, ni ma na yi, amma a yi ta a hanyar zuwa hoto.

Shi yaron naku yanzu ya yake?

Rinin ya nuna WNT ne. An yi masa gashi mako shida, aka bi da kimo wata da watanni, yayata ta sayar da awakinta duka da ɗan kunnen aurenta. Yanzu yana aji biyar, kunnensa ya ɗan yi nauyi saboda maganin sisfilatin, shi ya sa muka roƙi malaminsu ya zaunar da shi a layin gaba, lissafi yana ba shi wahala kuma ƙaninsa ya kusa kamo shi a tsayi, amma shi ke kai wa babansa fura gona a keke. Muna komawa Kano hoto duk lokacin da aka rubuta mana, na gaba bayan babbar sallah ne. Lambar bulon kuma tana nan, yayata ta sa na rubuta mata da biro a cikin murfin akwatinta.